An ba ni mushrif a mustauda, amma ni ba mai yawan magana ba ne

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kano ne, shekarata 32, ina aiki a wani kamfanin kago a Jidda, mustaudarmu, wato ɗakin ajiyar kayanmu, tana unguwar Khumra, mu ke karɓar kayan alhazai da na 'yan kasuwa mu auna mu ɗaure mu tura Kano da Yamai. Wata biyu da suka wuce aka ba ni mushrif, wato mai kula da ma'aikata, a kan mutum 14, yawanci Hausawa da 'yan Bangaladash, sai Yamanawa biyu da Basudane ɗaya. Matsalata ita ce tun ina yaro ni ba mai magana ba ne, in na yini cikin mutane ji nake kamar an zare min laka, sai na kaɗaice nake dawowa daidai. A ijtima'in ranar Lahadi, wato taronmu na aiki, kafin in gama tsara abin da zan faɗa an riga an wuce wurin. Akwai abokin aikina da ya so a ba shi wannan muƙamin, in na ba shi shawara mu biyu sai ya je ya faɗe ta gaban mudir, wato manajanmu, kamar tasa ce. Yara wasu suna cewa ni miskili ne. Mudir ɗinmu Bamisre ne, kwanan nan ya ce min wai ba sa jin muryata. Akwai yaro ɗaya da kullum a makare yake zuwa, na kasa yi masa magana, ni nake ɗauke aikinsa. Ga kuɗin obataim na lokacin Hajji har yau ba a biya yaran ba, suna jira in yi magana. Ina tunanin in ce a mayar da ni matsayina na da in huta. Don Allah a ba ni shawara.

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka a wannan muƙami, kuma tun kafin mu yi nisa bari in faɗa maka, kar ka je ka ajiye shi, aƙalla ba yanzu ba. Mudir ɗin nan kullum yana ganin abokin naka, yana jin muryarsa safe da yamma, amma da aka zo zaɓe sai ya tsallake shi ya ɗauke ka. Ka taɓa zama ka tambayi kanka dalili? Aikin kago aikin lissafi ne, kilo nawa, lamba nawa, kayan wace Hajiya ne wannan, kar kwalin da zai je Kano ya tashi a Yamai, kuma wanda ya rasa kayan tsarabarsa bayan ya dawo daga Hajji ba ya mantawa da kamfanin har abada. Mai natsuwa ake nema a irin wannan wuri, kuma kai aka gani.

Toh amma a cikin wasiƙarka abu biyu ne ka haɗa wuri ɗaya ka kira su da suna ɗaya, kuma sai mun raba su sannan za ka ga hanya. Na farko halinka ne, cewa hayaniya tana gajiyar da kai, kana buƙatar kaɗaici, kana tunani kafin ka buɗe baki. Wannan ba ciwo ba ne, ba kuma wani abu ne da za a yi maka rubutun sha ya fita ba. Tun a 1921 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya yi bayanin cewa mutane suna karkata gida biyu, wasu hankalinsu waje yake fuskanta, cikin jama'a suke samun kuzari, wasu kuma ciki yake fuskanta, kuma yawancin mutane a tsakani suke. Kai ka karkata ciki, shi kenan. Na biyun kuwa, wato yaron da kake ɗauke wa aiki da kuɗin obataim da ka yi shiru a kai, wannan ba hali ba ne, gudun haɗa ido ne, tsoron kar a ji haushinka ne, kuma masu surutu ma da yawa suna da shi, za ka ga mutum yana cika ɗaki da hira amma ranar da za a faɗa wa oga gaskiya sai ka neme shi ka rasa. Na farkon ka riƙe abinka. Na biyun shi za mu yi wa aiki don shi ne yake cutar da mutanen da aka ba ka amanarsu.

Akwai wani bincike da nake so ka sani don hankalinka ya kwanta. Wani malamin jami'a a Amurka, Adam Grant, shi da abokan aikinsa sun fitar da shi a 2011, sun bi shagunan wani kamfanin sayar da fiza suna duba halin manajoji da ribar da kowane shago yake kawowa. A inda ma'aikata suke zaman jiran umarni, shagon da manajansa mai faran-faran ne da yawan magana ya fi riba da kashi 16 cikin ɗari. Amma a inda ma'aikata suke kawo shawara da kansu suna neman gyara, abin juyawa ya yi, shagon mai yawan maganar ya koma ƙasa da kashi 14, saboda shi ya fi son a saurare shi, shi kuwa mai shiru yana saurara yana ɗaukar abin da aka kawo masa. Amurka ce ba Khumra ba, na sani, amma ka lura da abin da ke ciki, don mutane suna son su ɗauki rabin da ya yi musu daɗi su bar ɗaya rabin. Ƙarfin mai shiru ba ya fitowa sai in na ƙasa da shi suna magana. In kai ka yi shiru su ma sun yi shiru, toh mustauda ta zama wurin da kowa yake zato a ransa, kuma zato a wurin aiki ba ya haifar da alheri. Aikinka na farko kenan, ka sa su su riƙa faɗa maka abu.

Kuma hanyar da za ta yi maka sauƙi ita ce ɗaya bayan ɗaya. Ba sai ka tara su ka yi musu lacca ba. Kana zagayawa da safe ka tsaya wurin mai sikeli ka ce jiya me ya ba ka wahala, ka tsaya wurin masu ɗaurin kaya ka tambayi igiya da salatif sun isa, ka saurara, ka rubuta a 'yar takardarka, sannan abin da ya fi komai, ka dawo bayan kwana biyu ka ce abin nan da ka faɗa ga inda aka kwana. Wallahi ma'aikaci in ya ga maganarsa ta yi tafiya ta dawo da amsa, ko amsar a'a ce, gobe zai kawo maka wata.

Sai maganar miskilanci. Ka san mu an raine mu da kunya da kawaici, a Kano in babba ya yi shiru an san ma'anar shirunsa, har ana cewa shiru ma magana ce. Addini ma bai ƙi ba, ya zo a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mutumin Ansar yana yi wa ɗan'uwansa faɗa a kan kunya, sai ya ce ƙyale shi, kunya tana daga imani. Sayyidina Usman da aka san shi da kunya fiye da kowa ya riƙe halifanci shekara 12. Amma ka tuna kuma Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, kenan akwai inda kunya take tsayawa. Sannan nan Jidda ce, shirun da Bakano zai fassara da dattako, Bamisre zai ɗauka ba ka da ra'ayi ne, ɗan Bangaladash kuma da ba ya jin Hausa kuma Larabcinsa na mustauda ne, irin inta fi ruh ana ma fi ma'alum ɗin nan, shi fuskarka kawai yake karantawa, in ya ga ka wuce ba ka ce komai ba sai ya kwana yana tunanin ko ya yi laifi za a kai sunansa ofis. Maganin wannan ba tsada, gaisuwa ce. Ka san sunan kowa cikin mutum 14 ɗin nan na gaskiya, ba ya sadik ko ya Muhammad da ake kiran kowa da shi ba, ka gaishe shi da sunansa, ka tambayi mahaifiyarsa da ya ce ba ta da lafiya. In an kawo farantin shinkafar bukhari da rana ka zauna ka sa hannu tare da su ko sau biyu a sati, ba sai ka yi hira ba, zamanka ya isa. Ba a kiran mutumin da ya san sunan 'yarka miskili.

Yanzu mu zo kan obataim, don ni a wurina duk wasiƙarka nan ce zuciyarta, kuma nan ne yaran za su yanke hukunci a kanka. Mutanen nan sun yi dare suna ɗaga kwalaye lokacin da alhazai suke komawa, wani yana da iyali a Maraɗi suna jiran abin da zai turo, wani ya ci bashi ya sayi biza ya zo, kuma ba su da ƙofar shiga ofishin mudir sai ta kanka. In ka yi shiru a nan, shirunka ya zama cin haƙƙi ko da ba kai ka riƙe kuɗin ba. Hadisin da muke yawan kawowa cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru, ai faɗin alherin aka fara ambata.

Abin daɗin shi ne wannan faɗa ne da mai takarda yake cinyewa, ba mai murya ba. Dokar ƙwadago ta Saudiyya a sashe na 98 ta ce aiki awa 8 ne a rana ko awa 48 a sati, a watan Ramadan kuma Musulmi awa 6 a rana. Sashe na 107 ya ce duk awar da aka ƙara ana biyan ladan awar tare da ƙarin rabin asalin ladan awa. Ka zauna da daddare inda ka fi ƙarfi, kai kaɗai, ka fitar da takardar dawam, wato ta lokacin shiga da tashi aiki, ta wancan lokaci, sunan kowa, rana, ƙarfe nawa ya shiga ƙarfe nawa ya fita, awa nawa ta hau, ka haɗa jimla a shafi ɗaya. Kar ka tayar da maganar a ijtima'i gaban mutane, mudir zai ji an tsare shi ne ya fara kare kansa. Ka tura masa saƙo ka ce ya ustaz ina neman minti goma gobe bayan azahar a kan haƙƙin yara. In ka shiga ka ajiye takardar gabansa ka ce ga awannin da yara suka yi lokacin Hajji, ga jimla, suna tambayata kullum, wace rana zan ce musu za a biya. Ka tsaya a nan. Kar ka cika wurin da ban haƙuri da ma'alesh, kar kuma ka yi barazana. Ka bar shi ya amsa, kuma a nan shirun nan naka zai yi maka aiki, don mutane da yawa ba sa iya jure shiru bayan tambaya, sai sun cike shi da amsa. In ya ce bukra insha Allah, wato gobe, ka ce toh in rubuta ranar nawa ga wata. Ka fito ka faɗa wa yaran daidai abin da aka yi, ba ƙari ba ragi, kar ka yi musu alkawarin abin da ba a hannunka yake ba.

Na san abin da ke ranka, igama, wato katin izinin zama a ƙasar, a hannun kamfani take, mutum yana tsoron ya buɗe baki a ce ya cika matsala. Tsoron nan ba na banza ba ne kuma ba zan ce maka babu shi ba. Amma kai tambaya da takarda cikin ladabi aikin mushrif ne, shi aka ɗauke ka ka yi, kuma in abin ya ƙi gaba ɗaya, wanda yake da kwantiragi a Qiwa, wato shafin gwamnati na rajistar kwantiragin ma'aikata, yana da hanyar kai ƙara ta sulhu a ma'aikatar ƙwadago, wannan kuma shawararsu ce su yanke ba kai za ka yanke musu ba. Haka in zafi ya shigo, ka san daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa ma'aikaci aiki a cikin rana daga sha biyu zuwa uku, in tirela ta iso a wannan lokaci aka ce a sauke a fili, bakinka ne zai tsaya musu.

Yaron da yake makara kuwa, daina ɗauke masa aiki daga gobe, kana ganin kamar tausayi ne amma sauran 13 suna kallo suna lissafi, kuma kana koya musu cewa wanda ya makara shi ke hutawa. Ka kira shi gefe, ba gaban mutane ba, ka fara da tambaya. Tun da aka rushe unguwannin su Sabil da Karantina da Gulel wajen 2022 mutanenmu da yawa sun koma nesa, wataƙila yaron mota biyu yake hawa kafin ya iso, wataƙila wani aikin yake yi da dare, wataƙila kuma lalaci ne kawai, ba za ka sani ba sai ka tambaya. In uzuri ne a duba ko za a matsa masa lokacin shiga ya rama da yamma. In ba uzuri ka ce masa dawam ƙarfe kaza ne, wannan satin ka makara kwana kaza, daga yau zan fara rubutawa. Muryarka za ta iya rawa, ba komai, ta yi rawar, maganar dai ta fita.

Ijtima'i ba zan daɗe a kai ba don ya fi sauƙi. Ranar Alhamis ka tambayi me za a tattauna, ka rubuta abu biyu kacal, ka faɗi na farko a cikin minti goman farko kafin hayaniya ta yi ƙarfi, don in ka bari sai ka gama gogewa a ranka an tashi. In an jefo maka tambayar da ba ka shirya ba ka ce zan duba lissafin in turo kafin la'asar, sannan ka turo ɗin. Anas ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan maimaita magana sau uku don a fahimta, ka ga abin nema a gane ka ne, kuma a wurin da yaruka daban-daban suke haɗuwa gajeriyar magana da aka maimaita ta fi dogon bayani shiga.

Abokin naka mai ɗaukar shawara, daina ba shi ita a ɓoye. Duk abin da ka tsara ka fara sa shi a rubuce a gurup ɗin WhatsApp na aiki inda mudir yake, da sunanka da lokaci, daga nan kowa ya faɗa ya ƙara. Ba sai kun yi faɗa ba. Ni ma ba na so ka mayar da shi abokin gaba, mutum ne da ya sa rai bai samu ba, kuma yana da abin da kai ba ka da shi. Annabi Musa (AS) da aka aike shi wurin Fir'auna ya roƙi Allah ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa, yana nan a Suratu Ɗaha, kuma ya roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna, a Suratul Ƙasas ya ce shi ya fi ni fasahar harshe. Bai ce a ɗauke masa aikin ba. Ka ba abokin nan naka ɓangaren da bakinsa zai yi amfani, tarbar 'yan kasuwa, ciniki da direbobi, lallashin Alhajin da kayansa suka yi jinkiri, kuma ka yabe shi gaban mudir da sunansa in ya yi kyau. In bayan haka ya ci gaba sai ka same shi ku biyu ka ce wane, shawarar ranar Lahadi ni na faɗa maka ita, nan gaba ka ambaci sunana.

Kar ka manta da kanka a cikin duk wannan. Duk abin da na lissafa zai ci ƙarfinka fiye da yadda yake cin na wani, saboda haka ka nemi inda za ka riƙa numfasawa, minti goma a masallaci bayan an idar da azahar kowa ya fita, ko zama cikin mota kafin ka shiga gida. In kana da iyali ko abokan ɗaki ka faɗa musu a fili cewa in na dawo ina son rabin awa ni kaɗai, ba fushi nake ba, don su ma kar su fara zato. Babba juji ne, yanzu kowa zai kawo maka damuwarsa, in ba ka da lokacin da kake sauke ta za ka wayi gari kana tsanar aikin da mutanen gaba ɗaya.

Abu ɗaya nake so ka duba da kyau. In abin naka ya wuce gajiya, in kafin ijtima'i zuciyarka tana bugawa kamar za ta fito, gumi, hannu yana rawa, ba ka barci daren Asabar, kana ƙirƙirar ciwo don kar ka je, toh wannan wani abu ne daban, fargabar shiga mutane ce kuma likitoci suna maganinta, ba hauka ba ce ba aljanu ba ne. Kamfani wajibi ne ya yi maka inshorar lafiya, ka yi amfani da katinka ka ga likita ka faɗa masa yadda ka faɗa min.

Ka ba kanka daga nan zuwa bayan cinkoson Umarar Ramadan, ka fara da takardar obataim a wannan satin, yaron mai makara a sati mai zuwa. In lokacin ya yi ka ga har yanzu aikin yana cinye ka, babu kunya ka koma kan sikeli da lissafinka, amma kafin ka furta wa mudir ka buɗe kwantiraginka a Qiwa ka ga me aka rubuta a kan muƙami da albashi, don kar ka sauka a rage maka abin da ba ka yi tsammani ba. Ka rubuto min yadda kuka yi da mudir a kan kuɗin yaran, ina so in ji. Allah ya dafa maka.